Dashen ƙoda mai jijiyoyi da yawa: yadda ake gyara su daga teburin ƙanƙara zuwa jikin majinyaci

Ba kowace ƙoda ce ke zuwa yadda aka zana ta a littafi ba. A zanen da ɗalibai suka saba gani, jijiya ɗaya ce ke kai jini cikin ƙoda, ɗaya kuma ke kwashe shi. A ɗakin tiyata kuwa, kusan mutum 1 cikin kowane 4 yana da ƙodar da jijiyoyi biyu ko fiye suke ciyar da ita. A da likitoci kan kauce wa irin wannan ƙoda. Yanzu ba a kauce mata, domin masu jiran dashe sun fi ƙodojin da ake samu yawa nesa ba kusa ba, kuma idan aka gyara jijiyoyin yadda ya kamata, ƙodar takan yi aiki shekara da shekaru kamar kowace.

Wannan jagora ta likita ce mai neman ƙwarewa a tiyata da ma'aikacin jinya na ɗakin tiyata, waɗanda ke aiki a gaban ƙwararre. Abin da zan dage a kansa shi ne, duk gyaran da zai yiwu a yi shi a cikin ƙanƙara, a yi shi can, tun ƙodar ba ta shiga jikin majinyaci ta fara ɗumi ba. Don sauƙin magana, jijiyar da ke kai jini zan kira ta jijiyar shiga, wadda ke kwashe shi kuma jijiyar fita.

Wacce ake iya ɗaurewa, wacce ba a taɓawa

Kowace jijiyar shiga tana da yankinta a cikin ƙoda, kuma babu wadda ke kai wa maƙwabciyarta ɗauki. Ka ɗaure ɗaya, naman da take ciyarwa ya mutu, ba ya dawowa. Jijiyoyin fita ba haka suke ba. A cikin ƙoda suna haɗe da juna ta rassa masu yawa, saboda haka idan ka toshe ƙarama, jinin zai nemi hanya ta babbar.

A cikin jijiyoyin shiga ma ba duka suke daraja ɗaya ba. Wadda ke shiga ta ƙasan ƙoda ita ce abar tsoro, ko da siririya ce kamar tsinke. Dalili kuwa, bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara yana samun jini ne daga wurare da yawa a jikin mai shi, amma da zarar an yanko shi don dashe, duk hanyoyin ƙasa sun yanke, sai abin da ke gangaro masa daga ƙodar. Sau da yawa wannan jinin daga jijiyar ƙasa yake fitowa. Idan ta toshe, bakin bututun ya ruɓe, fitsari ya fara yoyo cikin mara, ko kuma bututun ya tsuke bayan watanni. Don haka jijiyar ƙasa ana gyara ta ne ko ta halin ƙaƙa.

Ta saman ƙoda tana da sassauci. Idan faɗinta bai kai milimita 2 ba, kuma yankin da take ciyarwa bai kai kashi 10 cikin 100 na ƙodar ba, ana iya ɗaure ta a wuce. Ɓata minti 20 a kanta a cikin ɗumin jiki ya fi asarar ɗan yankin illa.

Mataki na farko: karanta hoto da idonka

Ga mai ba da ƙoda yana raye, ana ɗaukar hoton CT na jijiyoyi, yanka-yanka siriri kamar milimita 1. Kada ka tsaya a rahoton da aka rubuto maka. Zauna ka bi awota, wato babbar jijiyar da ke sauko da jini daga zuciya, daga sama har inda ta rabu biyu a ƙugu, domin ƙarin jijiya kan fito daga can ƙasa, wani lokaci ma daga jijiyar iliyak, wato reshen awota da ke cikin ƙugu. Ka ƙirga su, ka auna faɗin kowace, ka auna tazarar da ke tsakanin bakunansu.

Akwai tarkon da ke kama sababbin hannu. Jijiya ɗaya ce a hoto, amma ta yi reshe tun ba ta yi nisan santimita 1.5 daga awota ba. Tun 1995, lokacin da aka fara cire ƙodar mai bayarwa da na'urar leƙa ciki a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, wannan hanya ta zama ruwan dare, kuma na'urar da ke datse jijiyar tana cinye wasu milimitoci na tsawonta. Sai ka yanke layin ƙusoshin da na'urar ta rufe bakin jijiyar da su a kan tebur, ka ga bakuna biyu suna kallonka. Irin wannan jijiya ka lissafa ta a matsayin biyu tun a hoto.

Galibi ƙodar hagu ake ɗauka, saboda jijiyar fitarta ta fi ta dama tsawo da kaurin bango. Idan hagu tana da jijiyoyin shiga biyu, dama tana da ɗaya, ni dai na fi karkata ga hagun. Haɗa jijiyoyi biyu cikin sanyi ya fi sauƙi a kan kokawa da gajeriyar jijiyar fita mai yagewa a cikin zurfin ƙugu. Sai dai akwai ƙa'idar da ta fi wannan duka: ƙodar da ta fi lafiya ita ake bar wa mai bayarwa.

Ka duba mai karɓa shi ma. Wanda ya daɗe yana wankin ƙoda, ko mai ciwon sukari, jijiyoyin ƙugunsa kan sandare da alli. Taɓa bugun jijiya a makwancin cinya, ka duba hoton ƙugu, ka san tun yanzu ko akwai wuri mai laushi da zai ɗauki ɗinki biyu.

Mataki na biyu: cirewa da wankewa

A wajen cirewa, abu biyu ne. Kada a ja jijiyoyin da ƙarfi, domin ja yana tsaga fatar cikinsu ba tare da an gani daga waje ba. Kuma kada a feɗe kitsen da ke tsakanin ƙasan ƙoda da bututun fitsari, domin a cikinsa ƙananan jijiyoyin bututun suke. Idan daga mamaci ne, ana yanko jijiyoyin tare da ɓangaren bangon awota da na bena kaba, wato babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, kada a yi rowar nama.

Da fitowar ƙodar, sai cikin kwano mai ruwan sanyi da narkakkiyar ƙanƙara, kimanin digiri 4. A wanke kowace jijiya daban da ruwan adana gaɓoɓi, irin su UW ko HTK, a fara da babbar. Ka zuba ido a nan. Yayin da ruwan ke shiga babbar jijiya, ƙodar za ta yi fari, sai wani yanki ya rage da duhunsa, da iyaka a fili. Wannan shi ne yankin ƙaramar jijiyar, kuma da shi za ka yanke hukuncin ɗaurewa ko gyarawa. Idan ka wanke duk jijiyoyin da ka sani amma wani wuri ya ƙi yin fari, akwai wadda ba ka gano ba. Nemo ta cikin kitse. Bakin allurar wankin ya zama mai laushi, kuma kada a cusa shi da nisa cikin siririyar jijiya.

Mataki na uku: gyaran jijiyoyin shiga a kan tebur

Nan ne gundarin aikin. Ka zauna, ka sa tabarau mai ƙara girma, aƙalla ninki 2.5, ka sami mataimaki mai natsuwa da haske mai kyau. Ƙodar ta kasance nutse cikin sanyi koyaushe, jijiyoyin kawai ke leƙowa. A cikin sanyi ƙarin rabin awa ba wani abu ba ne, a cikin jiki kuwa kowane minti ana biyan kuɗinsa. Burin shi ne a mai da bakuna da yawa su zama ɗaya, in ya yiwu.

*Idan akwai facin awota.* Wannan shi ake kira facin Carrel, da sunan Alexis Carrel, likitan Faransa da ya sami kyautar Nobel a 1912 saboda aikinsa kan ɗinkin jijiyoyi. Idan bakunan suna kusa da juna, sai a gyara faci ɗaya mai ɗauke da su duka, a bar gefe na 'yan milimitoci. Idan sun yi nisa, dogon faci zai bukaci doguwar tsaga a jijiyar majinyaci, to sai a yanke tsakiyar, a haɗa guntayen biyu da zaren ɗinkin tiyata na Prolene 6-0 (lambar na ƙaruwa, zaren na ƙara sirancewa), facin ya gajarce. Ka leƙa cikin kowane baki. In kitse ya daskare a wurin ya tsuke shi, yanke facin ka yar, ka yi aiki da lafiyayyar jijiya.

*Idan biyu ne masu kusan girma ɗaya, ba faci.* A nan ɗinkin wando ake yi. Ka jera su gefe da gefe, ka tabbatar babu wadda ta murɗe. Ka tsaga kowace a tsaye ta ɓangaren da ke fuskantar 'yar'uwarta, kamar milimita 5 zuwa 10, tsagar ta zama daidai wa daida. Ɗinkin farko a can ƙasan tsagar ake sa shi, inda ƙafafun wandon suka haɗu, da zaren 7-0, ƙullin a waje. Daga nan a bi bangon baya zuwa baki, a dawo a bi na gaba. Kowane sukan allura ya ratsa dukkan bangon, ya kama fatar ciki, don kada ta ɗago ta zama murfi idan jini ya taso. Wannan kusurwa ta ƙasa ita ce ke yoyo, ita ce kuma ke tsukewa, don haka a wurin ka rage tazarar ɗinki, kuma kada ka ci nama da yawa. Idan aka gama, za ka ga baki ɗaya mai faɗi, ramuka biyu a cikinsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tilasta wa jijiyoyin da suka yi nisa da juna su haɗu. Idan sai an ja su kafin su taɓa juna, to bayan ƙodar ta cika da jini ta kumbura, jan zai ƙaru, ɗaya ta lanƙwashe. A bar su daban ya fi.

*Idan ɗaya babba ce, ɗaya ƙarama.* Ana dasa bakin ƙaramar a gefen babbar. Ka fara gwada inda za ta kai ba tare da ja ko lanƙwasa ba, ka yi alama. Ka tsaga bakin ƙaramar kaɗan don ya buɗe, ka huda babbar daidai girmansa, nesa da inda take yin rassa, nesa kuma da bakin da za a ɗinka wa majinyaci. Zare 7-0 ko 8-0, kuma na fi son ɗinki ɗaiɗai a kan na zarce, domin na zarce kan tattare ƙaramin baki idan aka ja shi. Sa siririyar roba a cikin ƙaramar yayin ɗinki yana hana allura kamo bangon baya. Ka tuna fa, wannan hanya tana taɓa babbar jijiya. In ɗinkin ya ɓaci, ƙodar gaba ɗaya ka jefa cikin haɗari saboda ƙaramin yanki.

*Idan uku ne ko fiye, ko sun yi gajarta.* Wani lokaci ana haɗa dabaru: biyu a yi musu wando, ta uku a dasa ta a gefe. Wata hanya mai kyau ita ce a yanko jijiyar iliyak ta ciki ta majinyacin kansa tare da rassanta, a kawo ta tebur, a ɗinka kowane reshe da jijiya ɗaya ta ƙodar, sannan a mayar da gindin guda. Sharaɗi shi ne jijiyar ba ta sandare ba, kuma ba a taɓa amfani da ta ɗaya ɓangaren ba, domin rasa su duka biyu kan jawo ciwon ɗuwawu wajen tafiya da raunin mazakuta. Ana kuma amfani da jijiyar iliyak da aka adana daga mamaci mai jinin da ya dace, ko jijiyar fita ta cinya. Jijiyar roba ta PTFE ita ce zaɓin ƙarshe, saboda mai shan maganin danne garkuwar jiki ba a so a bar masa baƙon abu da ƙwayoyin cuta za su maƙale.

Kowace hanya ka bi, gwada kafin ka tashi. Tura ruwan sanyi a hankali ta sabon bakin, ka ga ya fita ta jijiyar fita ba tare da tirjiya ba, ka nemi inda yake tsiyaya. Ɗinki ɗaya na gyara a nan ya fi guda biyar a cikin jini.

Mataki na huɗu: jijiyoyin fita

Yawansu ya fi faruwa a dama. Ka bar babbar, ka ɗaure ƙananan. Idan biyu ne masu girma ɗaya, matse ɗaya ka tura ruwa. In ya fita sakayau kuma ƙodar ba ta kumbura ba, ɗaure wadda ka matse. In ka ga tirjiya, haɗa su kamar yadda aka yi wa na shiga, ko ka bar su a kan faci ɗaya.

Gajarta ce babbar matsala. A ƙodar dama ta mamaci, ana ɗinke ɓangaren bena kaba ya zama bututu ya ƙara tsawon. A ta mai rai babu wannan gata, sai dai a sassauto jijiyar iliyak ta majinyaci ta hanyar ɗaure rassanta na ciki don ta taso sama, ko a yi ƙari da guntun wata jijiyar fita. A hagu kuma ka bi kututturen rassan da aka yanke, na sama da na ƙasa da na baya, ka tabbatar kowane ya ɗauru. Na baya shi ne ke ɓuya, sai an saki jini ya bayyana kansa.

Mataki na biyar: dasawa

Ana dasa ƙodar a ramin ƙugu, bayan rigar hanji, hanyar da René Küss da abokan aikinsa suka bi a Faris tun 1951. Kafin a fara yanka, ka gaya wa kowa ko za ka bukaci jijiyar efigastrik ta ƙasa, wadda ke hawa ta bayan tsokar ciki. A aikin yau da kullum ɗaure ta ake yi a yanke ba tare da tunani ba, kuma hannu yakan riga ƙwaƙwalwa. Yayin buɗe jijiyoyin iliyak, a ɗaure hanyoyin ruwan limfa, wato farin ruwan jiki mai bin gefen jijiyoyi, ɗaya bayan ɗaya, kuma kada a tone fiye da tsawon da ake bukata.

Sa ƙodar a ramin na ɗan lokaci ka ga yadda za ta kwanta, sannan ka zaɓi wuraren ɗinki. Jijiyar shiga da ta fi ta fita tsawo sosai za ta naɗe idan aka rufe ciki, musamman a ƙodar dama. A naɗe ƙodar da ƙyalle mai ƙanƙara, a fara da jijiyar fita da zaren 5-0, sannan ta shiga da 6-0 a gefen iliyak ta waje. Ana so a gama ɗinkin biyu cikin minti 30 zuwa 45.

Idan jijiyoyi biyu ne daban, za a iya huda iliyak wuri biyu, a bar lafiyayyen bango tsakaninsu. Idan kuma ta ƙasa siririya ce kuma ta yi nisa, ga inda efigastrik ke da rana. Ka ɗinka babbar, ka sa ɗan matsi mai laushi a kan ƙaramar, ka saki jini. Yawancin ƙodar ya samu jini ke nan, hankalinka ya kwanta. Sai ka sassauto efigastrik da tsawo, ka yanke ta can sama, ka ga jini na tsartuwa da bugu, ka juyo da ita ƙasa. A tsaga bakunan biyu, a haɗa su baki da baki da ɗinki ɗaiɗai na 7-0 ko 8-0. Ɗigon maganin fafabarin yana sake ta idan ta ƙanƙame.

Mataki na shida: sakin jini

Ka sanar da mai ba da maganin barci tun da sauran minti kaɗan, don ya tabbatar majinyaci ya sami isasshen ruwa kuma bugun jininsa bai yi ƙasa ba. Wurare da yawa suna ba da manitol da furosemid, magungunan sa fitsari, a wannan gaɓa. A saki matsin jijiyar fita tukuna, sannan na shiga.

Lafiyayyar ƙoda takan yi ja-ja nan take, ta yi tauri a hannu. Juya ta ka duba gaba da baya, sama da ƙasa. Idan wani yanki ya tsaya da duhu, da iyaka kamar an ja layi, jijiyarsa ce ba ta kai jini. Fara da abu mai sauƙi: gyara kwanciyar ƙodar, zuba ruwan gishiri mai ɗumi, ɗiga fafabarin, ka jira 'yan mintoci, domin sau da yawa ƙanƙamewa ce kawai. Idan babu bugu a jijiyar bayan ɗinki, kada ka yaudari kanka da cewa zai gyaru da kansa. Ko fatar ciki ta ɗago, ko jini ya daskare, ko ɗinkin ya tsuke. A sake matsewa, a buɗe, a wanke da ruwan sanyi, a sake ɗinki. Inda ake da rinin indosayanin da kyamararsa, yana nuna yankin da jini bai kai ba ƙarara.

Kafin a dasa bututun fitsari a mafitsara, datse bakinsa ka ga jini ja yana fitowa. In bai fito ba, ci gaba da datsewa har ka kai wuri mai rai. Gajeren bututu mai jini ya fi dogo marar jini. A irin wannan ƙoda ina ganin sa robar cikin bututu wajibi ne. Sannan ka sake duban jijiyoyin a daidai kwanciyar da ƙodar za ta yi bayan an rufe, musamman efigastrik, wadda jan tsokar ciki kan lanƙwasa.

Bayan tiyata

Zana abin da ka yi a takardar aiki: jijiyoyi nawa, wacce aka haɗa da wacce, wacce aka ɗaure. Mai ɗaukar hoton Doppler, wato hoton da ke nuna gudun jini, ba zai nemi jijiya ta biyu ba idan bai san da ita ba, zai ga babbar tana gudu ya rubuta lafiya lau. A yi hoton cikin awa 24 na farko, a duba gudun jini a sama da tsakiya da ƙasan ƙodar.

A auna fitsari kowace awa, amma a tuna cewa tsofaffin ƙodojin majinyaci na iya ci gaba da yin fitsari su rufe matsala. Fitsari ya yanke kwatsam, ko ƙodar ta kumbura da zafi da jini a fitsari, wannan hoto ne na gaggawa ko komawa tiyata kai tsaye. Jini yana komawa baya a jijiyar shiga tsakanin bugu da bugu alama ce mai ƙarfi ta toshewar jijiyar fita. Mutuwar ƙaramin yanki kuwa takan zo a ɓoye: ɗan zazzaɓi, hawan jini, da tashin sinadarin LDH, wanda ke ƙaruwa a jini idan nama ya mutu. Batun maganin tsinka jini, asibitoci sun sha bamban. Wasu asfirin kaɗan suke bayarwa, wasu hefarin na 'yan kwanaki idan an ɗinka siraran jijiyoyi, kuma dole a auna shi da haɗarin zubar jini.

Idan ruwa ya yawaita a robar da ke tsotse rauni, a auna kiriyatinin ɗinsa, wato dattin da ƙoda ke tacewa zuwa fitsari, a gwada da na jini. In ya ninka na jini sosai, fitsari ne, a tuhumi jijiyar ƙasa. In sun yi daidai, ruwan limfa ne, wanda yakan fi taruwa idan an yi tono da yawa.

Tsukewar jijiya a wurin ɗinki takan bayyana ne daga wata 3 zuwa shekara 2. Alamunta hawan jinin da ya ƙi jin magani, kumburin ƙafa, da kiriyatinin da ke tashi, musamman bayan an fara maganin hawan jini irin su lisinofiril ko losatan. Doppler zai nuna gudun jini ya wuce santimita 200 zuwa 250 a daƙiƙa a wurin tsukewar, sai a tabbatar da hoton jijiyoyi. Yawanci ana buɗe ta ne ta cikin jijiya da balan-balan, a sa ƙarfen tokare in da bukata. A ɗinkin wando sai an yi hattara, domin ƙarfen da aka sa a ƙafa ɗaya yana iya danne bakin ɗayar, don haka mai yin aikin ya ga zanen tiyatar kafin ya fara.